Kafin Ka Ɗauko Wancan Talabijin Ɗin

Ɗana, na san abin da ya tsaya maka a rai kwanakin nan. Ko dai ka leƙa shagon kayan wuta a Sabon Gari, ko ka je yi wa abokinka barka da tarewa, ka ga wani makeken talabijin manne a bango, hoto tar, launi sai ka ce ka kai hannu ka taɓa, ka dawo gida ka dubi naka wanda har jiya ba shi da laifin komai, sai ka ga duk ya tsuke ya dusashe. Wannan ba abin kunya ba ne. Ido yana son abu mai kyau, kuma mutumin da ke fita tun duku-duku yana nema wa iyalinsa halali ya cancanci ya dawo da daddare ya tarar da abin da zai miƙe ƙafa a gabansa. Ban zo in hana ka ba, kuɗinka ne, guminka ne. So nake kawai mu zauna mu yi lissafin tare tun kuɗin suna aljihunka, domin mai shago farashin ranar saye zai gaya maka, abin da zai biyo baya kuwa sai dai ka gano da kanka, ba kuma don yana da mugun nufi ba, shi sana'arsa ke nan, sayarwa.

Abu na farko da ya kamata ka sani, a yau da wuya ka sami sabon talabijin babba wanda ba komai-da-ruwanka ba. Kusan kowanne yana hawa intanet. Samsung na da manhajarsu Tizen, LG na da webOS, Hisense na da VIDAA, Sony da TCL kuma suna ɗora ta Google, kuma tun daga mai sauƙin kuɗi har wanda ake sayarwa miliyoyin naira duk suna buɗe YouTube, YouTube ɗin kuwa ɗaya ce, ba a ware wa mai tsada tasa daban ba. Saboda haka in aka ce ka ƙara kuɗi ninki uku ko huɗu, ka sani gilashin kake biya, da faɗinsa, da ƙarfin haskensa, da sunan da aka rubuta a ƙasansa. Waɗannan abubuwa ne na gaske, ban ce yaudara ba ce. Abin dubawa shi ne ko gidanka zai ba su damar nuna kansu.

Ka lura da abin da ake kunnawa a shago. Ba za ka taɓa tarar da labaran ƙarfe tara na NTA ba, ko wani tsohon fim ɗin Hausa. Zuma za ka gani tana tsiyaya a hankali, ko tsuntsu mai launi iri-iri yana karkaɗe fiffike, ko jan tumatir da raɓa a jikinsa. Kamfanin ne ya ɗauki waɗannan hotuna musamman da kyamarori masu tsada don su fito da duk ƙarfin gilashin, sannan aka ɗora talabijin ɗin a kan saitin shago, wanda ke ƙure haske da launi don ya rinjayi fitilun wurin da 'yan'uwansa da ke jere a gefe. A gida kuwa Arewa24 za a kamo a ga Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in, a koma YouTube a nemi Labarina, a sa wa'azi da safe, a kalli ƙwallo ranar Asabar. Da wannan ya kamata ka auna shi, tunda shi za ka yi ta kallo shekara da shekaru.

Bari in warware maka batun 4K ɗin nan da ake ta yi maka talla da shi. Hoton talabijin ƙananan ɗigo-ɗigo ne da aka jera. Wanda ake kira Full HD yana da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, miliyan 2 da 'yan kai ke nan. 4K kuwa 3840 ne da 2160, sama da miliyan 8, ninki huɗu. Amma ɗigon nan miliyan 8 jira suke a aiko musu da abin da za su nuna. Idan tashar da kake kamawa ta dish ko ta eriya ƙaramin hoto take aikowa, yadda yawancin tashoshinmu ke yi, to talabijin ɗin sai dai ya ja hoton ya shimfiɗa shi, ya cike gibin da kintace. Masu tsadar sun fi iya wannan kintacen, gaskiya ne, amma ba mai iya ƙirƙiro abin da ba a aiko ba, kuma sau da yawa faɗin gilashin ne ke tona asirin hoton, abin da ya yi kyau a inci 32 sai ka gan shi bishi-bishi a inci 65. Ga kuma nisa. Idon ɗan Adam yana da iyaka: a talabijin mai inci 55, da zarar kujerarka ta wuce mita biyu da ɗan wani abu daga bango, da ƙyar za ka rarrabe 4K da Full HD. Ka auna falonka tukuna kafin ka je kasuwa.

Yanzu mu zo kan ciyarwa, domin nan ne gundarin maganar. Dattawanmu sun san ba a ranar saye ake gane mai iya riƙe doki ba, sai an ɗaure shi a turke an fara neman harawa da dusa da kanwa, safe da yamma, rani da damina. Babban talabijin ma abincinsa biyu ne, data da wuta, kuma ka fi ni sanin halin da su biyun ke ciki a ƙasar nan.

Netflix da kansu sun bayyana cewa kallon awa ɗaya a 4K kan iya cin gigabait 7, a HD gigabait 3, a ƙaramin hoto kuwa kimanin 1, suna kuma son layi mai saurin megabit 15 a daƙiƙa kafin 4K ya tafi sumul, sannan sai ka shiga tsarinsu mafi tsada kafin su ba ka shi. Ɗauko alƙalami. Gidan da ke kallon awa uku kowane dare a 4K zai iya cinye gigabait 21 kafin a kwanta, a wata ya haura 600. Ka duba nawa kake sayen gigabait 20 a wayarka yanzu, bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sai ka ninka. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne, makon farko a yi ta murna, a jona talabijin da datar wayar maigida, a kira yara su zo su ga ikon Allah. Kafin mako ya zagayo saƙo ya shigo cewa data ta ƙare. Daga nan a shiga saiti a rage hoton, ko a koma dish gaba ɗaya. Wani daren ma datar na nan, amma bayan sallar isha'i kowa ya hau layi ya cunkushe, sai ga 'yar da'irar nan tana juyawa a tsakiyar gilashi, jarumi ya buɗe baki ya ƙame, iyali sun zuba ido suna jira. An biya kuɗin 4K, ana kallon abin da tsohon talabijin ma zai nuna ba tare da gardama ba.

Wuta kuma, ƙaramin talabijin na LED mai inci 32 wat 30 zuwa 50 ya ishe shi, mai inci 65 da aka ƙure wa haske kuwa yakan haura wat 100, wani ya doshi 200. In kana kan mita wannan ba zai talauta ka ba, ko da yake tun Afrilun 2024 da aka ɗaga wa 'yan Band A yunit daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowa ya koyi ƙirga abin da ya jona. Wanda zai fi ji a jikinsa shi ne mai sola. 'Yar inbata da batir ɗaya da ke riƙe maka fanka da fitila da ƙaramin talabijin har tsakar dare, in ka ɗora mata babba, to a tsakiyar zafin Afrilu sai ka zaɓa tsakanin kallo da fanka. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ba wanda ke tayar da shi da wasa. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan halin wutar kanta, wadda za a ɗauke, a kawo ta ƙasa-ƙasa, can kuma ta dawo da ƙarfi ta yi ɓarna cikin ƙiftawar ido. Wanda ya sayi talabijin na miliyan ya jona shi kai tsaye a bango, ba sitabilaiza, ba abin kare shi daga ƙarfin wuta, ya kuma bar shi a jone lokacin hadari alhali tsawa na iya biyo wayar dish, ya bar dukiyarsa a hannun sa'a.

In kana son ganin ƙarshen irin wannan, ka leƙa shagon mai gyara. Za ka ga talabijin-talabijin jingine a bango, wani bayan wani, ƙurar hunturu ta lulluɓe su, kowanne da 'yar takarda manne da sunan mai shi, wasu sun shekara ba a waiwaye su ba. Ka tambaye shi, ba zai ɓoye maka ba. Idan fitilun bayan gilashin ne suka mutu, sauti na fita hoto babu, wannan mai gyaruwa ne. Idan allon wutar ne ya ƙone, galibi ana samun wani a sa. Amma in gilashin ne ya tsage, magana ta ƙare, domin shi ne mafi yawan kuɗin talabijin ɗin, canza shi da sayen sabo kusan ɗaya ne. Cokali ɗaya kuwa daga hannun yaro ɗan shekara uku ya isa, kuma garanti ba ya ɗaukar fashewa. Tsofaffin nan masu ƙusumbi sukan yi shekara ashirin a gida, a buga su a gefe su ci gaba da aiki. Na yanzu ba su da wannan juriyar, kuma gwargwadon tsadarsa gwargwadon abin da za ka rasa a rana ɗaya.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Talabijin komai-da-ruwanka abu biyu ne aka haɗa a jiki ɗaya, gilashi da 'yar ƙaramar kwamfuta a bayansa. Gilashin zai iya shekara goma lafiya lau, kwamfutar kuwa da wuri take tsufa. Bayan 'yan shekaru sai ta fara nauyi, ka danna rimot ka jira, manhajoji su fara neman sabuntawar da kamfanin ya daina aikowa. A 2015 YouTube ta daina buɗewa a wasu talabijin na Sony da Panasonic da aka ƙera a 2012 ko kafin nan, a Disambar 2019 kuma Netflix ta janye daga wasu na Samsung ƙirar 2010 da 2011. Ba abin da ya sami gilashinsu, hoto na nan garau, amma abin da aka saye su dominsa ya tafi ya bar su.

Shi ya sa nake ba ka wannan shawarar, kuma ita ce na fi so ka riƙe. Ka zagaya bayan talabijin ɗinka na yanzu ka duba ko yana da ramin HDMI. In yana da shi, kuma hotonsa bai mutu ba, to akwai ɗan abin da ake sokawa a wurin, irin su Fire TV Stick na Amazon, ko na Xiaomi, ko ƙananan akwatunan Android, wanda kuɗinsa ɗan kaso ne kaɗan na kuɗin sabon talabijin, kuma zai buɗe maka YouTube da Netflix da sauransu. Ka sa shi, ka yi wata biyu da shi, ka ga data nawa gidanka ke ci da gaske, ka ga ko layin unguwarku na ɗauka, ka ga ko bayan ɗokin farko ana ma ci gaba da amfani da shi. In bayan haka har yanzu faɗin gilashi ne ke damunka, to ka san abin da kake nema, za ka kuma je kasuwa da ilimi. In ɗan abin sokawar ya tsufa kuma shi kaɗai za ka canza.

Ka kuma san cewa talabijin da ke hawa intanet, yadda kake kallonsa haka shi ma yake lura da kai. Da yawansu suna da wata fasaha da ke gane abin da ke kan gilashi ta aika wa kamfani, don a san irin tallan da za a turo maka. A 2017 hukumomin Amurka suka sa kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11, daƙiƙa bayan daƙiƙa, ba da sanin masu su ba. Wannan kamfanin dai shi Walmart ta saya a 2024 kan kimanin dala biliyan 2.3, kuma harkar tallansa ce babban abin da ya ja hankalinta. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba. So nake ranar da ka kunna sabo, ya jero maka tambayoyi da turanci, kada ka yi ta danna amincewa don ka ƙagu ka ga hoto. Ka karanta, ko ka kira wanda zai karanta maka, abin da aka ba ka damar ƙi ka ƙi.

To, ga maganar yara, wadda ta fi duk lissafin wat da gigabait nauyi a wurina. Mu da muka taso da talabijin mai baƙi da fari, tun ana kiran na Kaduna RKTV, wanda aka buɗe a 1962, kafin a haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA a 1977, mun san talabijin mai lokaci. Sai wajen la'asar ake buɗe tasha, yaran unguwa su cika tsakar gidan mai shi a kan tabarma a kalli Samanja, dare ya yi a sa taken ƙasa a rufe, kowa ya tafi ya kwanta ko yana so ko ba ya so. Ban ce zamanin ya fi na yanzu komai da komai ba. Abin da nake so ka gani shi ne, a wancan lokacin akwai wani can a gidan talabijin da ke zaɓar abin da za a nuna, ya kuma rufe in lokaci ya yi. Wanda za ka kawo gida yanzu ba a rufe shi. Bidiyo na ƙarewa wani na farawa da kansa, yaron da ka bari yana kallon zanen wasa ka fita masallaci ba ka san inda jerin ya kai shi ba kafin ka dawo, kuma a makeken gilashi a tsakiyar falo ƙannensa ma na gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban irin waɗannan na'urori, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Aikin mai rufe tasha ya dawo wuyanka kai da uwargidanka. Akwai lambar sirri da ake sawa, akwai YouTube Kids, akwai kashe wannan farawa da kai, duk suna cikin saiti, kuma suna cikin mai araha yadda suke cikin mai tsada. Amma babu saitin da zai maye gurbin uban da ke cewa an kashe, a tashi a yi tilawa, a yi aikin makaranta. In ka san ba ka gida mafi yawan yini, ka yi wannan tunanin da kyau kafin ka ƙara wa falon abin da zai fi ka jan hankalin 'ya'yanka.

Yanzu zan tambaye ka abin da ba sai ka ba ni amsa ba, kai dai ka ba kanka. Lokacin da kake hango talabijin ɗin nan a bangonka, wa kake gani zaune a gabansa? In iyalinka kake gani, madalla. In kuwa baƙi kake gani, abokai sun shigo sun ɗaga kai sun ce kai, wane an faso gari, to ka tsaya ka yi wa kanka adalci. Dukanmu muna da wannan a zuciya, ba kai kaɗai ba, ɗan Adam yana son a gan shi da kyau. Amma yabon baƙo minti biyu ne, daga nan ya koma kan wayarsa, gobe kuma ya shiga gidan da ya fi naka inci goma. Ba a gama tsere da inci, kowace shekara da sabon da za a fito da shi.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne kayan ɗaki. Uba mai ƙaramin ƙarfi zai aurar da 'yarsa, ya riga ya yi gado da kujeru da kayan kicin da ƙyar, sai a ce masa ai filasma mai inci 32 yanzu abin kunya ne, 'yan ganin ɗaki za su yi magana, wance da aka kai watan jiya 55 aka sa mata. Sai ya sayar da 'yar akuyar da ta rage, ko ya kwashi adashin da aka tanada don kuɗin makaranta, a manna abin a ɗakin da wuta ke zuwa sa'a uku a rana. 'Yata, in ke ce amaryar, ki sauƙaƙa wa mahaifinki, ki ce masa ƙaramin ya ishe ki. Masu maganar ba za su kwana a ɗakin ba, kuma ba da su za a biya bashin ba. Kai kuma ango, kalma ɗaya daga bakinka cewa ba ka buƙata tana iya sauke wa surukinka nauyin da ya hana shi barci.

Bashi kuwa, ɗana, ina roƙonka kada ka ci shi saboda talabijin. Ko a ce maka biya kaɗan-kaɗan, ko a riƙa cira daga albashi, ko manhajojin nan na waya da ke ba da rance cikin minti biyar da ruwa mai kauri, in ka yi jinkiri kuma su bi lambobin da ke wayarka suna aika wa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci. Bar ma batun riba da malamai suka daɗe suna jan kunne a kai, wanda shi kaɗai ya isa. Talabijin ba ya haihuwa, ba ya kawo ko sisi, kuma daga ranar da ya fita daga kwali da wuya ka mayar da kuɗinka in ka tashi sayarwa. Kayan waje ne, da dala ake shigo da shi ko kayan haɗa shi, dalar da ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, alhali albashinka bai ninka uku ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Na ga magidanta masu mutunci suna zaune gaban hoto mai kyau da zuciya a dagule, domin ƙarshen wata ya gabato, kuma wanda ake bi bashi ko me aka nuna masa ba ya ganin kyansa.

Duk da haka, akwai wanda mai tsadar ya dace da shi, kuma ba zan ɓoye ba. Mai gidan kallon ƙwallo, wanda gilashin ne jarinsa, kuma na bencin baya ma ya biya kuɗinsa yana son ya ga lambar ɗan wasa. Wanda ke da intanet na wata-wata marar iyaka, ta waya ce da aka ja masa ko Starlink da ta fara aiki a Najeriya a 2023, yana da sola mai ƙarfi da falo mai faɗi, ya kuma sauke haƙƙin abinci da makaranta da asibiti, kuɗin na ajiye ba wanda ke jiran su. Irin wannan in ya sayi OLED, wanda kowane ɗigo ke ba da haskensa da kansa har baƙi ya fito baƙi ƙirin, ya rage fitila ya kalli fim ɗin da aka ɗauka da 4K, zai ga abin da ya biya, Allah ya sa masa albarka. Sai dai ya sani OLED ba ya son hoto ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya. Gidan da ake barin tashar Harami ko ta labarai a kunne tun safe har dare, tambarin tashar na iya barin inuwa a gilashin wadda ba ta gogewa, don haka irin wannan gidan LED ko QLED ya fi masa. Ga mafi yawanmu kuwa, in tsohon ya mutu da gaske, matsakaici mai inci 43 ko 50 daga kamfanin da aka sani, wanda masu gyaran garinku suka saba da shi kuma ake samun kayansa, daidai ruwa daidai tsaki ne. Rarar kuɗin ka sayi sitabilaiza mai kyau, in da hali ka ƙara 'yar sifika, domin siraran talabijin ɗin nan ba su da wurin sa lasifika mai ƙarfi, kuma dattijon gida ya fi buƙatar jin magana sarai a kan ƙarin ɗigo miliyan shida.

In ka yanke shawarar saye, ka tafi da filashi a aljihu ɗauke da irin abin da kuke kallo a gida, ka ce a cire zumar nan a sa naka, a kuma sauke shi daga saitin shago, sannan ka ja baya daidai nisan kujerarka ka duba. Ka sa a buɗe kwalin a gabanka, a kunna wanda za ka ɗauka ɗin, a nuna fari zalla da baƙi zalla ka duba ko akwai mataccen ɗigo ko wani dishi-dishi a gefe. Ka shiga saiti ka ga lambar ƙirar da ke ciki ta yi daidai da ta jikin kwali da ta bayan talabijin, domin akwai jabu a kasuwa da ake manna wa sunan manyan kamfanoni, kuma farashin da ya yi arha fiye da kima shi ne alamar farko. Ka karɓi rasit da takardar garanti mai hatimi, ka tambayi inda ake kai shi in ya samu matsala, a garinku ne ko sai an aika Legas. Wajen ɗaukowa a tsaye ake riƙe shi, kada a kwantar da shi a bayan adaidaita sahu a bi da shi ta ramuka, kwalin kuma ka adana shi har garanti ya ƙare. Mai kafa shi a bango ka nemo wanda ya san aikin, ka tsaya a kansa har ya gama, ka tabbatar ƙusoshin sun kama bulo sosai, ka kuma sa ya ɗaga shi sama da inda hannun autanka zai kai.